Chebo da Ƙugun Hagu

Maganaɗisu ne ɗan ƙarami, bai fi ƙwan kaza ba, ana ajiye shi cikin safar jariri don kada ya karce fenti. Amma a kwarin Española, cikin masu tayar da tsofaffin motoci a bayan gida, ya fi alƙali kwarjini. In mutum ya ce ya gama motarsa, yana so ta shiga jerin ƙungiyar Masu Sannu, sai a zo da shi a bi jikin motar taki-taki. Inda ya manne, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, fila ce, ƙullun nan da ake cusa wa lotsa a goge a bi da fenti, ido ya ga santsi alhali ciki ƙarya ce. Sau ɗaya ya faɗi, magana ta ƙare, mai mota ya koma gida ya sake.

Eusebio Archuleta, wanda tun yana yaro ake kira Chebo, shi ya kawo wannan doka, zamanin yana saurayi mai suma da taurin kai, shi kuma ya riƙe safar shekaru masu yawa. Aikin da ya ci abinci da shi walda ne a garejin masu gyaran hanya, inda ya yi ta ɗinke haƙoran katafila har ya yi ritaya. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ambaci wannan ba, rumfar kwanon da ke bayan gidansa zai nuna maka. Ba mugu ba ne. Mutum ne da zai bar abinci a faranti ya je ya taya ka ɗaga inji. Sai dai in ya ɗauki safar nan, ba sani ba sabo. Har amininsa Tranquilino Vigil, wanda ake ce wa Lino, bai tsira ba. Maganaɗisun ya faɗo daga ƙofar motarsa a gaban yarinyar da yake nema, Chebo ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe ƙasa, ya ce, "Wannan ƙofa ce ko kwaɓin burodi?" Lino ya auri yarinyar duk da haka, daga baya ma shi ya riƙe 'yar Chebo ranar baftisma, suka zama compadre, wato 'yan'uwa ta hanyar baftisma. Amma bai manta ba. Kuma da Chebo ya gaji ya sauke nauyin, hannun Lino safar ta faɗa.

Alamar ƙungiyar ta tagulla ce, a gilashin baya ake kafa ta. Ita ma tana da dokarta: ba a rataye ta a bangon falo, ta mota ce mai tafiya, wanda ba shi da mota a hanya ya mayar. Chebo kuwa ya ba 'yarsa Marisela motarsa ranar aurenta, ta tafi da ita Denver, tun daga nan alamarsa ke naɗe cikin tawul a saman kabad. Ƙungiya ta yi ta yi masa kara, bana a ce baɗi, har samarin da suka shigo daga baya suka fara gunaguni, wai doka ta ci kowa ban da mai ita. A taron bayan Kirsimeti aka yanke magana. Babbar Juma'ar bana, ƙarshen azumin Kirista, ranar da motoci ke jeruwa su bi masu tattaki zuwa cocin Chimayó, ko dai sabuwar motar Chebo ta fito da alamarta, ko ya kawo alamar a ba wani. Shi ya fara ɗaga hannu ya goyi baya. Me zai ce? Igiyar da ya tufka da hannunsa ce.

Motar da ake wa wannan jira Chevrolet ce ƙirar 1948. A gaɓar wani kwazazzabo ya tono ta, bayan gonar kawunsa, inda mutanen zamanin baya suka riƙa tura matattun motoci don su tare zaizayar ruwa. Gefen dama ya sha rana ya tsira. Gefen hagu kuwa ya daɗe binne cikin danshin yashi, tsatsa ta cinye shi kamar gara ta samu zana. Chebo ya yanke duk inda ya ruɓe, ya sayo fallayen ƙarfe, ya rarake wani kututture kamar akushi, a kansa yake buga falle da gudumar katako har ya ɗauki lanƙwasar da yake so. Ya yanke ginshiƙan rufin ya sauke shi kaɗan, motar ta zama kamar mai lumshe ido. Ya cire hannayen ƙofa ya toshe gurbinsu da ƙarfe, har ba ka gane inda suke da. Abu ɗaya ya rage, ƙugun hagu, babbar lanƙwasar nan da ke saman tayar baya.

A nan hannunsa ya ci amanarsa. Abin ya fara ne da kofin kofi yana kaɗawa a kan farantinsa. Likita ya ce ba ciwon kisa ba ne, gado ne, ƙwaya za ta rage amma ba za ta kore ba. Ciwon yana da wayo. In hannun yana kwance a cinya, lafiya lau. In ya rungumi abu mai nauyi ya tokare, nan ma shiru. Sai ya miƙa shi zai yi aiki mai laushi, sai ya kama rawa kamar an kaɗa masa ganga.

Siririn falle ba ya son zafi. Mai walda yakan ɗiga nan, ya tsallake ya ɗiga can, ya jira wurin ya huce har ya iya ɗora tafin hannu, sannan ya dawo. Chebo ya koya wa mutane da yawa wannan. Amma ran da ya zo haɗa ƙugun, hannun ya ja wutar ta daɗe wuri ɗaya, falle ya huje. Ya tsaya cike hujin, ya ƙara zafi a kan zafi. Da ya ɗaga murfin fuska, ƙugun ya lotsa, in ka danna ya shige ya ce ɓam, ka saki ya dawo ya ce ɓam, kamar murfin gwangwani.

Ya san maganin. Walda in ta huce takan tsuke ta janyo ƙarfen da ke kewaye da ita, sai an bi layin ɗinkin da guduma ana buɗa shi, da 'yar maƙera tokare ta baya, wato dunƙulen ƙarfe mai santsi da ake riƙewa a tafin hannu. Sai dai wurin ya yi nisa, hannu ɗaya ba ya kaiwa ciki ɗaya yana waje, dole wani ya kwanta cikin but ya riƙe. Ita kanta gudumar ta ƙi shi. Ya gwada sau kaɗan, ya nufi nan ta sauka can, ta bar masa tabo kamar sawun akuya.

Ana cikin haka wata safiya ya ji motar Lino ta tsaya a ƙofar gida. Ya yi maza ya yafa wa ƙugun bargo.

"Compadre, ina amaryar?" in ji Lino yana shigowa. "Me aka rufe da bargo kuma? Sanyi take ji?"

"Ƙura."

"Ƙurar gidan nan akwai tarbiyya, gefe ɗaya kawai take sauka."

"Shan kofi ka zo ko leƙen asiri?"

"Duka biyu, in comadre, uwargidanka, ta yi abin taɓawa." Lino ya zagaya motar yana shafa rufin, ya tsaya nesa da bargon bai taɓa ba. Ya sassauta murya. "In mai riƙe maka 'yar maƙera kake nema, ka san gidana."

"Mai safa ba ya sa hannu a motar da zai duba. Ka manta?"

"Wane sarkin ne ya kafa wannan kuma?"

"Ni."

Lino ya girgiza kai. "Kai dai, compadre, in ka mutu ka tarar an yi wa ƙofar Aljanna fila, juyowa za ka yi."

Suka yi dariya, amma ta Chebo iyakarta haƙora. Da azuminsu na Kirista ya yi nisa, bargon bai motsa ba, sai ya ɗauki akori-kurarsa ya tafi har Santa Fe, ya wuce shagunan garinsu inda kowa ya san fuskarsa, ya sayo gwangwanin fila. Da ya dawo ya share garin ƙarfen da ke zube ƙarƙashin injin goge-goge, ya tara a kwalba. Tsohuwar dabara ce: in ka cuɗa garin ƙarfe cikin fila, maganaɗisu zai ɗan kama, mai dubawa in ba ƙwararre ba ne ya wuce. Ya ɓoye su biyun a bayan tarin fallayen matarsa, don a tunaninsa nan ne inda ɗan ƙungiya ba zai taɓa leƙawa ba. Bai tuna da mai fallayen ba.

Delfina, matarsa, ita ma mai guduma ce, ko da yake shi bai taɓa lissafa ta haka ba. Wajen kakarta ta koya, wadda ke yanka gwangwanayen kitse ta yi wa hotunan waliyyai gida. Da ƙusa da 'yar guduma Delfina ke fitar da furanni da taurari a jikin farin falle, ta yi firam ɗin madubi da mazaunin kyandir, ta kai kasuwar bazara. Chebo yakan kira aikin "ƙwas-ƙwas ɗin Delfina". Tun da suka yi aure, rumfarsa ba ta ganin ta sai in ta kawo kofi.

Ranar wata Juma'a ya shigo cin abincin rana, ya tarar da wake da gurasar tortiya da jan barkono a tebur, a tsakiyarsu kuma gwangwanin fila zaune, kwalbar na gefensa.

"Wannan fa?" in ji Delfina. "Sabon yaji ne ka sayo mana?"

Ya ja kujera ya zauna, ya yagi tortiya.

"Tsoho, da kai nake."

"Ajiya ce."

"Ajiyar wa? Da garin ƙarfe a kwalbar zumata? Ni da kunnena ya gaji da labarin yadda ka kama ɗan gidan Maestas da wannan dabara, ka sa ya kankare motarsa a gaban jama'a?"

Ya ɗebi wake da cokali ya ɗaga, ya tsayar da shi tsakaninsu. Cokalin ya yi ta rawa har waken ya zube a tebur. "Duba," ya ce. "Duba da kyau."

"Na gani tun kafin ka gani. Wa kake tsammani ya sauya maka kofi da wancan ƙaton mai nauyi?"

Ya ajiye cokalin. "Zai wuce, Fina. Lino ba zai gane ba."

"Lino ba zai gane ba. Kai fa? Kai ne za ka zauna a ciki ranar Babbar Juma'a, mutane na tafiya a ƙasa da kumburarrun ƙafafu suna ɗaga maka hannu, kai kuma ka san abin da ke ƙugunta."

"To yaya zan yi? A kasuwa ake sayar da hannu in sayo?"

"Ga hannu a gidanka, shekara da shekaru kana miƙa masa kwanuka yana wankewa."

Sai da ya dube ta sau biyu kafin ya gane. Ya yi 'yar dariya. "Ke? Tsohuwa, wannan ba gwangwanin waliyyai ba ne. Ƙarfen mota ne."

"Gudumarka ta fi tawa nauyi, shi ke nan bambancin. Ka ci abincinka ka shiga but ɗin nan, ko in kira Lino in nuna masa kwalbar."

Haka Chebo Archuleta, wanda duk rayuwarsa shi ne a waje yana ba da umarni, ya hau kan bokiti ya shiga but da kyar, gwiwoyi na ƙara. Ya kwanta a kan bargon nan, ya kafa gwiwar hannu a haƙarƙari, ya tokare 'yar maƙera a bayan ɗinkin da dukkan kafaɗarsa. Hannun ya yi tsit. A ciki ba ya ganin komai sai baƙin ƙarfe a gaban hancinsa.

Ta buga. Ƙarar ta fito a dushe, alamar guduma ta sauka inda babu maƙera.

"Hagu!" ya yi ihu. "A'a, hagunki! Sama kaɗan! Kai, ina kike kai ta?"

"Tsaya, tsoho. Cikinmu wa ke ganin ƙarfen nan? To ba ni zan bi ka ba. Zan riƙa taɓawa a hankali wuri ɗaya, kai ka biyo ƙarar."

Maganarta ce daidai, ya kuma sani, don haka shi ma yake gaya wa duk wanda ya taɓa sa wa a but. Ya haɗiye abin da ke bakinsa. Ta riƙa ƙwanƙwasawa, shi yana jan maƙera a hankali cikin duhu yana neman ta, har ƙarar ta washe ta ce ƙin, kamar ƙararrawar coci daga nesa.

"Nan ne," suka faɗa tare.

Ta kama layin ɗinkin tana bi. Ba ta ɗaga hannu sama, daga wuyan hannu take sakin gudumar, kowane bugu ya hau gefen na bayansa, babu wanda ya fi wani ƙarfi. Chebo yana karɓar su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunsa. Can sai ya gane ya san wannan kiɗan. Shi ne yake ji ta bangon kicin tun suna amarya da ango, yana ƙara muryar rediyo don ya rufe shi. Irin bugun da ya yi ta fama da samari su koya suna kasawa, ashe yana cikin gidansa.

Ba rana ɗaya aka yi ba, kuma ba a yi ta lami lafiya ba. Ƙarfen mota ya fi nata kauri, ba ya amsawa da wuri, har ta ƙosa wata rana ta ƙara ƙarfi, ƙulu ya taso a inda ake so ya kwanta. Da ya shafo shi ta ciki ya ji, sai tsohon Chebon ya farka.

"Kin ɓata! Na ce miki wannan ba wasan gwangwani ba ne!"

Sai ya ji an ajiye guduma a hankali, ya ji takun ƙafa, ya ji ƙofar kicin. Sannan ya tuna ba ya iya fitowa daga but ɗin sai an kama masa hannu, ga bokitin ma ta ture shi gefe tun da safe. Ya kwanta yana kallon murfi, ƙanshin soyayyen barkono na iso shi.

"Delfina!"

Ya ƙara ɗaga murya.

"Fina! Na ce ki yi haƙuri!"

Ta leƙo ta taga. "Me ka ce? Ƙarfe ya tare, ban ji ba."

Sai da ya maimaita yadda maƙwabta za su iya ba da shaida, sannan ta zo. Da ya fito ya miƙe baya, ya nuna mata yadda ake kwantar da ƙulu, a kauce da maƙera gefe a bar guduma ta tura shi ƙasa. Ita kuma ta nuna masa abin da kakarta ke yi, a sa siririn ƙyalle tsakanin tafi da falle a shafa ido rufe, hannu ya ji abin da ido bai gani ba. Ya ce ai ya san wannan. Ta ce ta san ya sani.

Ran da ya danna ƙugun da tafin hannu bai ce ɓam ba, sai ya sake dannawa, ya matsa gaba ya danna. Sannan ya je ya ɗauko mata kujera, abin da bai taɓa yi ba a rumfar nan. Aka kai motar wajen mai fenti a Alcalde, ta dawo da launin busasshen barkono, ja mai duhu. Irin wannan launi ba ya rufa wa kowa asiri. In rana ta karkata ka tsuguna ta baya, za ka ga 'yar igiyar ruwa a ƙugun hagu, ba ta fi tafin hannu ba.

Ranar Lahadin Dabino, saura kwana biyar Babbar Juma'a, bayan an taso daga coci 'yan ƙungiya suka cika tsakar gidan. Lino ya zaro safar daga aljihu, ya fara daga hancin motar. Ya bi gefen dama, ya bi rufi, ya bi ƙofofi inda hannaye suke da. Ya bar ƙugun hagu sai ƙarshe. Chebo ya cusa hannayensa cikin aljihu. Lino ya ɗora maganaɗisun a tsakiyar lanƙwasar, ya saki. Safar ta tsaya cak tana lilo. Ya ciro ta da ƙarfi, ya matsa taki ɗaya, ya saki. Ta tsaya. Ya bi wurin kaf, fiye da yadda ya bi sauran motar, sannan ya tsuguna ya kanne ido ɗaya.

"Akwai 'yar igiyar ruwa a nan, compadre."

"Akwai."

"Chebon da na sani ba zai bar wannan ba."

"Ba shi ya yi ba. Ni maƙera na riƙe." Ya nuna Delfina da haɓa, tana tsaye a bakin ƙofar kicin da tire a hannu. "Ga mai gudumar can."

Ɗaya daga cikin masu gunagunin nan ya yi gyaran murya ya ce, "To, dattijo Lino, wannan ya halatta kuwa? Tunda ba shi ya buga ba?"

"Doka ƙarfe ta ce," in ji Lino yana miƙewa, hannu a gwiwa. "Ba ta ce na miji ko na mace ba. In kana shakka tambayi mai ita, ga shi nan tsaye." Ya mayar da safar aljihu, ya cire hula ya juya wajen Delfina. "Comadre, ashe kina nan kika bari mutumin nan ya kunyata ni a gaban Lupita tun ina nemanta? Da ke na kawo wa ƙofata tun farko."

"Da ka kawo," ta ce. "Zo ka ɗauki kofi kafin ya huce."

Chebo ya sauko da tawul daga saman kabad. Ƙusoshin alamar ƙanana ne, ya gwada sa na farko ya faɗi ƙarƙashin kujera. Bai sake gwadawa ba. Ya rungume tagullar da hannu biyu ya tokare ta a gurbinta, Delfina ta ɗaure.

Ranar Babbar Juma'a motocin suka jeru a hanyar Chimayó, suna tafiya kamar ba sa so, masu tattaki na gefen titi da sanduna da gorunan ruwa. Sitiyarin tsohuwar mota nauyi gare shi, hannuwan Chebo suka samu abin kamawa suka natsu. Delfina na gefensa da kwanon panocha a cinya, kayan zaƙin alkama na lokacin azumi, za ta raba wa masu tafiya. Gwangwanin filar yana can gida ba a buɗe ba, da shi take tare ƙofar rumfa in iska ta taso, don yanzu a can ta mayar da teburin aikinta, wai hasken ya fi. Wani dattijo mai tattaki ya tsaya ya bi motar da kallo, ya ɗaga wa Chebo babban yatsa. Chebo ya buɗe baki zai ce wani abu, Delfina ta taɓa masa gwiwa.

"Dubi gabanka, tsoho. Kauce wa ramin can. Ban sha wahalar nan don ka lotsa min aiki ba."

Ya kauce.